Faifan da Inna ta sa aka rataye a ƙarƙashin fitila

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana ginin gidan. Ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, kuma kamar yawancin takwarorinsa da suka kama aiki bayan garin ya zama babban birnin Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, da albashi da adashi ya riƙa ɗora bulo a kan bulo a unguwar Danmasara. Da aiki ya zo ƙarshe, falo ya fi kashe wa kuɗi. Aka yi silin na POP mai hawa biyu, aka binne ƙananan fararen ƙwayayen LED goma sha shida a cikinsa, aka shimfiɗa farin tayil mai sheƙi, aka shafe bango da farin fenti mai sulɓi. A tsakiya ya rataye fitilar ado mai rassa da duwatsun gilashi, wadda ya je har kasuwar Sabon Gari a Kano ya sayo. Ya ɗora sola a kan rufi domin kada ɗaukewar wuta ta shafe shi. In an kunna komai da dare, ko allura ce ta faɗi sai an gan ta.

Duk wannan da mutum ɗaya a ransa ya yi shi. Mahaifiyarsa ta haura shekara saba'in, kuma tun rasuwar mahaifinsa take zaune a ƙauyensu da ke tsakanin Kiyawa da Jahun. A hasken aci-bal-bal ta rene shi, a hasken fitilar ƙwai ya yi karatun firamare, kuma ya daɗe da ƙudurta cewa in Allah ya hore masa, ba za ta ƙara lalube a cikin duhu ba. Wata biyu da tarewa ya je ya ɗauko ta.

Da rana lafiya lau take. Tana zama a falo, tana tsokanar jikoki, tana taya surukarta tsinke zogale. Amma da zarar an idar da sallar magariba an kunna fitilu, sai ta tattara carbinta ta shige ɗaki. A can take cin tuwon dare ita kaɗai. Kafin mako na uku ya cika ta fara zancen awakinta da ta baro a hannun mutane, da rumbun da ba a gyara ba. Shi ɗan fari ne, saboda haka ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi ta faɗa masa abin da ke damunta. Ya zargi abinci, ya zargi hayaniyar yara, har ya fara yi wa matarsa kallon tuhuma. Jikarta 'yar shekara tara, wadda tsohuwar ke kira kishiya, ita ce ta warware zancen wata rana da safe: "Abba, Inna fa ta ce fitilunka tsone mata ido suke yi."

Daren nan ya yi sallama a ƙofar ɗakinta. Ƙwan da ke tsakiyar silin yana kunne, amma ba a ganinsa. Ta sa yarinyar ta hau kujera ta ɗaura faifai da zare uku a ƙarƙashinsa, da tazarar kamar taƙi ɗaya. Hasken ya bugi faifan ya koma sama, ya bazu a silin, sannan ya sauko ɗakin a hankali. Ɗan abin da ya ratsa saƙar kaba ya zuba a kan tabarma ɗigo-ɗigo, launin ruwan zuma. A kusurwa kuma ta jingina ƙwarya a gicciye, ta ajiye 'yar fitila mai caji a gabanta tana fuskantar cikin ƙwaryar, kuma a wannan hasken take lazimi. Ya tsaya ya kalli ɗakin. Hasken bai kai rabin na falo ba, amma ya lura idonsa ya saki, ya daina ƙanƙancewa.

Abin da tsohuwar ta yi yana da bayani, kuma bayanin ya shafi duk wanda ya taɓa sayen ƙwan fitila. Mai saye yakan tambayi abu ɗaya: yana da haske? Ana auna yawan hasken da lumen. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, ƙwan LED kuwa da wat 9 ko ƙasa da haka yake ba da wannan adadin. Sai dai ido ba yawan haske kaɗai yake ji ba, yana jin faɗin wurin da hasken ke fitowa. Lumen 800 da suka fito daga ɗigon da bai kai ƙwayar wake ba suna sukar ido. In aka baza su a kan abu mai faɗin faifai, yawansu yana nan kusan yadda yake, amma kowane ɓangare na faifan haske kaɗan yake ɗauke da shi, ana iya kallonsa ba a runtse ba. Shi ya sa ba a iya duban rana tsaka, amma ana zama a rumfar zana a yi karatu da hasken ranar nan ɗin.

Sai kuma jikin abin da hasken ya faɗa wa. Abu mai santsi, kamar tayil da gilashi da fenti mai sheƙi, yakan mayar da haske ta fuska ɗaya, kamar madubi. A falon Danmasara ƙwayaye goma sha shida ne a sama, amma ga mai zama a ƙasa sun ninka, domin kowanne yana da ɗan'uwa a cikin tayil, duwatsun gilashin fitilar ado kuma kowanne yana harba nasa tartsatsin. Abu mai kaushi kuwa, in aka duba shi da kyau, dubban ƙananan fuskoki ne, kowace ta kalli nata gefen. Haske in ya faɗa musu sai ya watse ta ko'ina. Bangon ƙasa haka yake, da cikin ƙwarya, da tabarmar kaba, da saƙi. Hasken da ya watse ba ya yin ƙyalli, kuma inuwar da yake jefawa bakinta a lausashe yake.

Launi ma daga nan yake shiga. Farin ƙwan LED asalinsa shuɗi ne, aka lulluɓe shi da wani sinadari mai mayar da sashen shuɗin ya koma rawaya, haɗuwar biyun ce ido ke gani fari. Wannan shuɗin ƙwai ne ya jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. A jikin kwalin kowane ƙwai akan rubuta wata lamba da harafin K a gabanta. Mai 6500K fari ne tas mai sirkin shuɗi, irin hasken tsakar rana, kuma shi ya fi yawa a shagunanmu. Mai 2700K yana da ɗumin tsohon ƙwan lantarki. Harshen wuta na kyandir ko lagwani bai fi wajen 1900K ba. Kaba da ƙwarya da fata suna shanye sashen shuɗin su mayar da rawaya da ja, saboda haka ko farin ƙwai ne aka sa a bayansu, abin da zai iso ido ya yi kusa da hasken da ɗan Adam ya saba yin dare da shi tun fil azal. Masana barci kuma sun tabbatar cewa haske mai ƙarfi mai sirkin shuɗi da dare yana jinkirta sinadarin da ke sa jiki jin barci.

Ga tsoho abin ya fi tsanani. In shekaru suka ja, ƙofar da haske ke shiga ido takan tsuke, madubin da ke cikin idon kuma yakan yi gauraye. Hasken da ke isa ƙarshen idon ɗan shekara sittin bai fi kashi ɗaya cikin uku na wanda ke isa na ɗan shekara ashirin ba. Saboda haka ɗan bai yi kuskure ba da ya ce tana bukatar haske mai yawa. Inda ya kauce shi ne irin hasken. Madubin da ya yi gauraye yakan tarwatsa haske a cikin idon kansa, sai kowane ɗigo mai ƙarfi ya zama hazo ya rufe abin da ake son gani, kamar yadda direba mai ƙurar gilashi ke makancewa in motar da ke tahowa ta dalle shi. Da ya kai ta asibiti, likita ya ce yana ce ta fara rufe idanun biyu, aka sa ranar aiki. Faifai ba ya maganin yanar ido, kuma duk tsohon da ya fara gudun fitila wajen likitan ido ya kamata a fara kai shi. Amma faifan ne ya tona ciwon, bayan ta yi watanni tana haɗiye shi.

Ba yau gidan Bahaushe ya fara sarrafa haske ba. Magina na da sukan bar alkuki a jikin bango, wani ɗan lungu da ake ajiye fitila. Alkuki yana kare harshen wuta daga iska, yana ɓoye shi daga idon wanda ke zaune a gefe, cikinsa kuma na ƙasa ne mai kaushi, yana mayar da hasken cikin ɗaki a watse. Tagar soro ƙarama ce kuma a sama take, rana ta shigo ta bugi bango kafin ta iso ga mutum. Asabari a bakin ƙofa yana yanka hasken tsakar gida siri-siri. Wanda ya shiga tsofaffin zauruka a Garu, inda fadar Sarkin Dutse take, da tsakar rana a watan Afrilu, ya san sauƙin da ido ke samu daga taku na farko. Ba kuma za a ce zamanin aci-bal-bal daɗi ne zalla ba. Hayaƙinta ya baƙanta azara da huhu, haskenta bai isa ɗinki ko karatun ƙananan baƙi ba, kuma ɗakunan ciyawa da yawa sun tashi a sanadinta. Wanda ya yi jarrabawa a gaban fitilar ƙwai ba ya kewarta. Abin da aka yar tare da ita, ba a lura ba, shi ne sanin cewa fitila tana bukatar sutura.

Wannan matsala ta taɓa samun wasu kafin mu. Poul Henningsen, ɗan ƙasar Denmak da aka haifa a 1894, a hasken fitilar kananzir ya tashi, kuma da lantarki ya game Kofanhagan sai ya ga tsirarar ƙwai tana azabtar da ido. Ya ƙera fitila mai faranti uku da aka jera ta yadda duk inda mutum ya tsaya ba zai hangi ƙwan ba, ya nuna aikinsa a baje kolin Faris na 1925, kamfanin Louis Poulsen kuma yana ƙera fitilunsa har yau. A 1958 ya yi wata mai ganye 72 na ƙarfe, kowane ganye yana tare haske ya miƙa wa na kusa da shi. A 1951 kuma masassaƙin nan Isamu Noguchi ya je garin Gifu a Japan, inda aka shahara da fitilun takarda, ya ɗauki takardar da suke yi da ɓawon itace da tsinken gora ya sa musu ƙwan lantarki. Ya kira su Akari, kuma yau suna gidajen tarihi na duniya. Kusa da mu, wani mai zane ɗan Sifaniya, Álvaro Catalán de Ocón, ya fara aikin PET Lamp da masaƙan Kolombiya a 2012, inda ake tsaga gorar roba a saƙa ta da zaren ciyayi ta zama rigar fitila. Daga baya aikin ya iso Bolgatanga a arewacin Gana, garin masaƙan kwando. Waɗannan su ne fitilun da ake kira na manyan masu zane, ana sayensu da tsada a Turai da Amurka. In aka cire suna da farashi, aikinsu ɗaya ne da na faifan Inna: su ɓoye ƙwai, su faɗaɗa hasken, su ɗumama launinsa.

Mai karatu zai iya tambaya, in haka ne, me ya hana kakanninmu kifa ƙwarya a kan fitila? Wuta ce ta hana. Ba a haɗa busasshiyar kaba da lagwani. Ko da lantarki ya zo, tsohon ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi yake mayar da ita, yana iya babbaka takarda ko ƙyalle in sun jima a jikinsa. Ƙwan LED ne ya sauya wannan lissafi. Gilashinsa ana iya taɓa shi da hannu, ɗan zafin da yake yi a gindinsa yake taruwa. Ke nan ƙwan da ya cika ɗakunanmu da ƙyalli, shi ne kuma ya ba da damar da ba a taɓa samu ba, ta a kusanto da kayan gona da na daji jikin fitila ba tare da fargabar gobara irin ta da ba.

Kayan kuwa ga su nan a ƙasar Jigawa, kowanne da halinsa. Duma yana yaɗo a gonaki da dannin gidaje. Ƙwarya haske ba ya ratsa ta, saboda haka aiki biyu take yi. In aka kife ta a saman ƙwai, cikinta mai fari-fari da kaushi yana tura hasken ƙasa a lausashe, ta dace da wurin cin abinci ko teburin karatu. In kuma aka huhhuda ta da zane, kowace huda tana jefa nata ɗigon a bango. Nan akwai abin lura: ƙwai ƙarami mai gilashi garai-garai shi ke fitar da zanen da kaifi, babban ƙwai mai farin gilashi kuwa dusashe shi yake yi. Ƙwarya mai huda ado ce, tana cinye mafi yawan hasken, ba a karatu da ita. Kaba, wato ganyen goriba, tana tsaka-tsaki. Saƙa mai tauri irin ta faifai tana tare haske ta mayar da shi silin, saƙa mai sako-sako irin ta kwando tana barin sa ya fita ta ko'ina tare da inuwar saƙar. Ganyen dabino, wanda Dutse ta yi suna da shi, yana saƙuwa haka nan. Fatar akuya da aka jeme aka kankare ta yi siriri, irin wadda ake rufe ganga da ita, tana barin haske ya ratsa kamar takardar Gifu, da launin ruwan ƙasa mai ɗumi. Jan tukwane da aka huda tun yana ɗanye ba ya jin zafi ko kaɗan, ya dace da tsakar gida.

Akwai sharuɗɗa. Ƙwan LED kaɗai ake sawa, kuma a bar tazara tsakaninsa da rigar, a bar kafa a sama inda zafin gindinsa zai fita, domin ƙwan da aka toshe wa iska ba ya daɗewa. Haɗin waya aikin mai gyaran wuta ne da ya san aikinsa. Kaushin da ke watsa haske shi ne kuma ke riƙe ƙura, saboda haka a lokacin hunturu sai an riƙa kakkaɓewa. Ƙwaryar da ba ta bushe sosai ba ƙwari suna cin ta. Kuma ba kowane ɗaki ke son lausasan haske ba. Kicin, da shagon tela, da ɗakin awo a asibiti, farin haske mai ƙarfi suke bukata.

Maganar ta wuce jin daɗin ido. Wanda ya zaga kasuwar Shuwarin ranar cinta zai ga yadda roba ta ture kayan hannu: tabarmar roba ta zauna a wurin ta kaba, bokiti da kwano sun karɓe aikin ƙwarya, murfin roba ya maye gurbin faifai. Matan da suka iya saƙa suna tsufa, 'ya'yansu kuma ba su ga dalilin koyon sana'ar da ba ta sayen sabulu ba. A wajen ɗaukar ruwa ko rufe tuwo roba ta yi nasara, domin ta fi araha kuma ba ta fashewa. A wajen haske kuwa santsinta aibi ne, kaushin kaba kuma shi ne darajarta. Gidaje da otal-otal da ofisoshin da ake ginawa a Dutse duk suna sayen fitilun ado daga waje. In ma kaɗan daga cikinsu suka nemi na gida, masaƙa sun sami kasuwar da roba ba za ta ƙwace ba. Sai dai a yi hattara da abin da aka saba gani a irin wannan ciniki, inda mai shago a birni ke ninka kuɗi sau goma, wadda ta yi kwana uku tana saƙa kuma a sallame ta da kuɗin faifan rufe fura. Rigar fitila tana bukatar awo daidai da zoben ƙarfe da saƙa mai tsabta, kuma ladan ya kamata ya bi wahalar.

A gidan Danmasara ba a yi wani babban sauyi ba. Ya sa mai gyaran wuta ya raba ƙwayayen silin gida biyu, kowane rukuni da makunninsa, aka sauya rabi zuwa masu 2700K. Aka shimfiɗa darduma a tsakiyar tayil. Fitilar Sabon Gari tana nan, ana kunna ta ranar suna ko in an yi baƙi. A kusurwar da tsohuwar ke zama aka sauko da waya daga silin, ita kuma ta aika ƙauye aka kawo mata kaba, ta saƙa wani abu mai kama da malafa marar tsini, buɗaɗɗe a sama, da layi biyu na rinin ja. Surukarta da farko ta ji nauyin abin, tana ganin baƙi za su ce an rataye kayan ƙauye a falo. Ranar da matan ofishinsu suka zo barka da arzikin aikin ido, biyu daga cikinsu suka tambaye ta a wane shago ta saya.

An yi wa Inna aiki a ido ɗaya, ana jiran na biyun. Yanzu a falo take cin tuwon dare, kuma bayan isha'i kishiyar tata takan zauna kusa da ita tana koyon yadda ake fara gindin faifai. Zancen awaki bai mutu gaba ɗaya ba, ta ce da kaka za ta je ta ga gida. Da ɗan ya ji haka ya yi shiru, sai ta juya wajen surukarta, kamar yadda ta saba in tana son ya ji magana, ta ce: "'Yar nan, ki faɗa wa maigidan naki ya kwantar da hankalinsa. Duma zan je in zaɓo, na ga ɗakin yaran nan ma ƙwan a tsirara yake."